Haddar Suna Ba Fahimta Ba Ce: Yadda Ake Koyar da Adon Harshe da Guragun Hujjoji

Akwai kukan da ɗalibai suka daɗe suna yi, tun daga ƴan lise masu shirin jarrabawar bak har zuwa ƴan jami'a masu nazarin adabi: sunayen adon harshe da na guragun hujjoji sun ƙi zama a ka. A haddace su yau, jibi a neme su a rasa. Wanda ya yi sa'ar riƙe su kuwa, in aka aje masa nassi a gaba aka ce ya nuna su, sai ya shiga canki-canki. Malamai su ma suna da nasu kukan, cewa yaran yanzu ba sa karatu, waya ta ɗauke masu hankali. Wataƙila da ƙamshin gaskiya a nan, amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Babban cikas ɗin yana cikin darasin kansa, yadda littattafai suka jera shi da yadda jarrabawa take tambayarsa: suna a gaba, ta'arifi a tsakiya, misali guda a ƙarshe, misalin ma irin wanda ba a taɓa jin mai rai ya faɗa ba.

Mu fara duba abin da yaro ya zo da shi daga gida. Yarinyar da ta ce wa uwarta "tukunya ta tafasa" ta san ruwan ciki ne ya tafasa. Mai sauraren kokawa a rediyo da ya ji an ce wane ya ɗauki takobi ya san ana nufin ya zama zakaran ƙasa a bana. Da aka ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, ba wanda ya taɓa zaton hannuwa ne suka taru babu masu su. In ka tambayi ɗan kasuwa ciniki ya ce maka "ba laifi", ka san yau ta yi kyau. Waɗannan su ne abubuwan da littafin Faransanci yake kira metonimi da sinekdok da litot. Yaro ɗan shekara 10 yana sarrafa su ba tuntuɓe, shi ne kuma zai zo aji yana ɗan shekara 17 ya ci sifili a kansu. Dabarar tana bakinsa tun yana ƙarami. Abin da makaranta ta kasa yi shi ne ɗaure sabon sunan a jikin abin da ya riga ya sani.

Gari ɗaya, mudu uku

Wahalar ɗalibinmu ta fi ta takwaransa na Faransa, domin shi da mudu uku ake auna masa. A lakol ana koya masa sunayen Faransanci, waɗanda asalinsu Girkanci ne da Latin. A Gana da wani sashe na Kamaru Ingilishi ne yake ɗauke da wannan kaya. A zaure da makarantun faranko-arab da Jami'ar Musulunci ta Say ana koya masa balaga, da rassanta uku: ma'ani da bayani da badi'i. In ya shiga nazarin Hausa kuma sai ya tarar da kalmomin da malaman jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suka ƙera. Mafi yawan ɗalibai, har da wasu malamai, suna ɗaukar cewa abu guda ne aka fassara sau uku. Nan ruɗanin yake farawa, domin kowane tsari da inda ya ja layinsa.

Ɗauki jimlar "Audu zaki ne." Malamin Faransanci zai ce metafor ce, tunda babu kalmar "kamar". Malamin Hausa zai ce siffantawa ce. Ɗalibi ya buɗe ƙamus ya ga metafor ita ce isti'ara, ya kai wa malamin balaga, sai malamin ya ja masa jan biro. A wurin galibin malaman balaga wannan jimla tashbihi ne baligi, saboda an ambaci Audu an kuma ambaci zaki. Isti'ara ba ta tabbata sai an ɓoye ɗaya daga cikinsu, kamar a ce "jiya na ga zaki yana kayar da maza a filin kokawa." Yaron bai yi kuskure ba, malamin ma bai yi ba, ba wanda ya gaya masa cewa mudun ba ɗaya ba ne.

Haka abin yake ga metonimi da sinekdok. Ɗan lise yana kwana yana fafutikar raba su, alhali balaga ta zuba su duka a kwando guda, majazi mursali, sai ta bambanta su da irin alaƙar da ke tsakani: sashe a madadin duka, mazubi a madadin abin da ke ciki, dalili a madadin sakamako. Ita kuwa kinaya, wadda ƙamusoshi da yawa suke fassarawa da metonimi, wani abu ne dabam. In na ce murhun gidan Alhaji ba ya hucewa, karamcinsa nake nufi, amma maganar tana iya zama gaskiya a zahirinta ma, murhun bai huce ba ɗin. Wannan shi ne sharaɗin kinaya. Ƙarfen tukunya kuwa ba ya tafasa ko da wasa. Bambancin minti biyar ya isa a bayyana shi, amma ɗalibi yana iya gama karatunsa bai taɓa jin sa ba.

Kalmomin Hausa suna da wata falala da sauran ba su da ita, kuma ya kamata a yaba wa irin su Abdulƙadir Ɗangambo mai Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa da Abdullahi Bayero Yahya mai Salo Asirin Waƙa da Sa'idu Muhammad Gusau mai Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Wanda ya ji "mutuntarwa" ko "dabbantarwa" ko "abuntarwa" ya ji rabin ta'arifin tun daga sunan. Sai dai akwai inda gyara ya rage. Ba a tsaya kan suna guda ba: nan kamantawa can kamance, nan jinsarwa can jinsintarwa, nan kambamawa can kambamar zulaƙe. Kalmar siffantawa kuma tana da ma'anarta ta yau da kullum, wato bayyana kamannin abu, shi ya sa ɗalibi yake ganin "doguwar mace" ya rubuta siffantawa. Sannan da yake don nazarin waƙa aka yi waɗannan littattafai, sai ɗalibai suka tashi da zaton adon harshe a waƙa kaɗai yake zaune, ba sa neman sa a huɗuba ko jawabin ɗan siyasa ko bakin dillali.

Yadda jerin ya yi tsawo

Jerin sunayen nan ba da tsawonsa aka haife shi ba. Lokacin da Ibnul Mu'utazzi ya rubuta Kitabul Badi'i a shekarar 887, nau'o'in da ya kawo ba su kai 20 ba. Zuwa ƙarni na 14, Safiyyuddin al-Hilli ya kai su kimanin 150. A Faransa ma haka aka yi ta rarrabewa har zuwa littattafan Pierre Fontanier na 1821 da 1827. Amma fannin iya magana, yadda Girkawa da Rumawa suka tsara shi, sassa biyar gare shi: nemo hujja, jera ta, zaɓen lafazi, riƙewa a ka, da gabatarwa a gaban jama'a. A shekarar 1902 Faransa ta cire sunan wannan fanni daga ajin lise da yake ɗauke da shi, abin da ya fi saura a makaranta kuwa shi ne yanki na sashe na uku, wato jerin sunayen ado. Gérard Genette ya yi rubutu a 1970 kan wannan ƙanƙancewa. Shi muka gada, muka kuma riƙe shi kamar shi ne fannin dukansa.

A ɓangaren Larabci, Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rayu a ƙarni na 11, yakan tsaya a kan misali guda yana tambayar me ya sa aka gabatar da wannan kalma aka jinkirta waccan, me zai ɓace in an juya su. Bayansa Sakkaki da Ƙazwini suka tsara fannin babi-babi, sannan Abdurrahman al-Akhdari, malamin nan na ƙasar Aljeriya mai littafin Ahalari da almajirai suke karantawa, ya waƙe shi a Jauharul Maknun don a haddace. Kada a zargi hadda a nan. A zaure ana haddace matani ne a gaban malami, shi kuma yana warware shi baiti-baiti da Hausa. Abin da ya same mu yau shi ne an riƙe haddar an saki warwarar: takarda biyu da aka buga a injin kwafi, sunaye 40, jarrabawa ranar Litinin. Littafin Al-Balagatul Wadiha na Aliyu al-Jarim da Mustafa Amin, wanda ake karantawa a makarantunmu na Larabci, ya fi wannan dabara nesa ba kusa ba. Kowane darasi da misalai yake farawa, sai tattaunawa a kansu, sannan ƙa'ida ta zo, sai aikin gwaji. Tsarin da muke nema yana cikin jakar ɗalibanmu tuntuni.

Guragun hujjoji

A nan ɓarnar ta fi girma, domin wanda ya kasa gane sinekdok maki ya rasa, wanda ya kasa gane gurguwar hujja kuwa yana iya rasa kuɗinsa ko lafiyarsa ko ƙuri'arsa. Aristo ya lissafa guda 13, shida daga lafazi, bakwai daga wajen lafazi, kuma ya fara da kamanta su da ƙarfen da yake kama da azurfa ko zinariya a idon wanda bai san su ba. Mu za mu ce kallon kitse ake yi wa rogo. Ma'anar ita ce gurguwar hujja kyakkyawa ce a ido. In da gurguntakarta a fili take, da ba ta yaudari kowa ba. Amma misalan littattafan aji irin waɗanda ko yaro ba zai faɗa masu ba ne. Wanda aka horar da jabun kuɗin da aka zana da alli, ina zai gane jabun da ke yawo a kasuwa? Wannan na cikin sukan da Charles Hamblin, masanin falsafa na Ostareliya, ya yi a littafinsa na 1970: marubuta suna kwafar jerin daga juna, da tsofaffin misalansa, ba tare da wata ƙa'ida da ta haɗa shi ba.

Illa ta biyu ita ce jerin yana koya wa ɗalibi cewa duk maganar da ta yi kama da sunan kuskure ce. Dubi wadda ake kira "ad hominem", ɗaya daga cikin sunayen Latin da John Locke ya jera a 1690, wato sukar mai magana maimakon maganarsa. Da safe an gaya wa ɗalibi wannan kuskure ne. Da yamma ya je darasin hadisi ya tarar da fanni sukutum, jarhu da ta'adili, wanda aikinsa binciken halin mai ruwaya: wane maƙaryaci ne, wane haddarsa ta yi rauni. A fiƙihu kuma ya ji alƙali ba ya karɓar shaida sai daga adali. To wa ya yi daidai? Duka biyun, amma sai an raba tsakanin shaida da hujja. In mutum ya ce "na ga ɓarawon da idona", maganarsa a kan amanarsa take tsaye, binciken halinsa kuwa dole ne. In ya ce "buhu 12 a kan jaka 20 kowanne ya kama jaka 240", lissafin yana tsaye da ƙafarsa ko da shi ne ɓarawon. Haka dogaro da faɗar masani: tambayar likita kan zazzaɓi hankali ne, tambayarsa kan rabon gado ne kuskure. Sunan bai gaya wa ɗalibi ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Wannan muhawara ma ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Muhammadu al-Maghili, wanda ya zauna a Takedda da Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya kuma je Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar kan halaccin ilimin manɗiƙi. Suyuɗi ya hana shi, daga cikin dalilansa har da cewa daga waɗanda ba Musulmi ba ya fito. Maghili ya kare shi da cewa gaskiya ake dubawa a san mutane da ita, ba a duba mutane a san gaskiya da su. Kowannensu babban malami ne mai hujjojinsa, kuma ajin da ya zauna ya auna hujjojin nan ya koyi abin da ya fi haddar sunaye goma. Shi ma al-Akhdari, a waƙensa na manɗiƙi As-Sullam, da ya zo kan kuskuren hujja a ƙarshe bai fara da dogon jeri ba. Ya raba shi gida biyu: ko dai a cikin kayan da aka gina hujjar da su, ko a cikin yadda aka jera su. Kowane magini ya san wannan tambaya: tubalin ne ya lalace, ko jerin ne ya karkace?

Illa ta uku kowa yana ganinta a Facebook da wuraren shan shayi na fada. Wanda ya haddace sunayen yakan mayar da su gora. Ana cikin gardama sai ya jefa kalmar Latin, abokin magana da bai san ta ba ya yi shiru, ƴan kallo su ce an kayar da shi. Ba a nuna inda hujjar ta karye ba, an dai tsorata mai ita. Kuma ko da ta karye ɗin, karyewar hujja ba ta tabbatar da cewa maganar ƙarya ce. Mutum yana iya kare gaskiya da mummunar hujja.

Abin da Hausa ta tanada, da iyakarsa

Bahaushe ya daɗe da sanin waɗannan cututtuka, har ya raɗa masu suna. Wanda ya ga mutum biyu ƴan wani gari sun cuce shi ya yanke wa garin duka hukunci, kuɗin goro ya yi. Wanda aka kama da laifi ya tada wata rigima don a manta, borin kunya ne. Wanda aka ce ya yi kaza ya amsa da "kai ma ai ka yi", an ce masa laifi tudu ne. Wanda ya sake wa abu suna yana cewa dabam ne, ba cinya ba ƙafar baya. Mai tallar magani da ya ce wane ya sha, bayan mako guda mura ta sake shi, sai a tambaye shi ko faɗuwa ce ta zo daidai da zama, tunda mura takan tafi da kanta a kusan wannan lokaci. Mai shaci-faɗi kuwa amsarsa ita ce ta karen da aka ce ana biki a gidansu: mu gani a ƙasa. Malamin da ya fara daga nan ya sami aji a farke.

Amma kada mu ruɗi kanmu mu ce karin magana ta wadatar. Ita ma tana iya zama gurguwar hujja, har ta fi ta Latin haɗari, domin tana zuwa da rawanin magabata. "Ruwa ba ya tsami banza" ta sha tabbatar da ƙazafi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. "Wake ɗaya ke ɓata gari" kuɗin goro ce in aka ɗora ta a kan jama'a. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba" gaskiya ce a sha'anin zaman duniya, amma an sha rufe bakin yaron da ya fi kowa sanin lissafin da ita. Karin magana ƙofa ce ta shiga darasi, sannan ita kanta a sa ta a sikeli kamar kowace magana. Kuma keɓaɓɓen suna yana da amfaninsa: yana taƙaita bayani tsakanin masana, yana ba ɗalibi damar karanta abin da aka rubuta a wasu harsuna. Matsayinsa kawai nake jayayya a kai. A ƙarshe ya kamata ya zo.

Gyaran da zai yiwu

Gyaran ba ya bukatar sabon gini ko tallafin waje. Malami ya kawo magana mai rai: tallar magani da aka naɗa a tasha, saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, sakin layi daga jawabin yaƙin neman zaɓe, sharhin mai gabatar da kokawa. Ya tambayi aji abu uku. Me mai maganar yake so mu yarda da shi? Me ya ba mu a matsayin dalili? In dalilin gaskiya ne, dole ne abin da yake so ya tabbata, ko akwai wata hanya? Ga ado kuma tambaya biyu: faɗi maganar a miƙe ba ado, sannan ka gaya mana me ya ɓace. Bayan ɗalibai sun gano dabarar da bakinsu, sun kawo misalanta uku daga gida, sai a ce masu ga sunanta da Hausa, ga yadda Larabawa suka yanka ta, ga yadda Faransawa suka yanka ta, ga inda yankan ya saɓa. Dabaru 12 da aka koya haka sun fi 60 da aka haddace.

Sai dai muddin jarrabawa tana ba da maki a kan "kawo sunan adon da ke layi na huɗu", malami zai ci gaba da koyar da suna, domin shi ma sakamako ake tambayarsa. A mayar da mafi yawan makin kan bayanin aikin da adon ya yi, ko kan nuna daidai inda hujja ta karye, ko da ɗalibi ya manta sunan. Wanda ya rubuta "mai maganar ya nuna abu biyu sun faru a jere, bai nuna ɗaya ne ya haddasa ɗayan ba" ya fi cancantar maki a kan wanda ya rubuta kalmomin Latin huɗu ya yi shiru.

Maganar ta ƙara nauyi a Nijar, inda aka fara gwada koyarwa da harsunan gida tun shekarun 1970, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In Hausa ta ƙara shiga aji, za a bukaci kalmomin waɗannan fannoni. Adon harshe yana da harsashi, musamman ga shi akwai ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Abin da ya rage a daidaita. Guragun hujjoji kuwa har yanzu fili ne da ba a gama sharewa ba. Tsorona shi ne a ɗauko jerin Latin a fassara shi kalma da kalma, a ba yara sabbin sunaye 40 su haddace da Hausa, mu ce mun ci gaba. Masu wannan aiki, daga Yamai da Damagaram har Kano da Sakkwato, su zauna tare su fara daga kuɗin goro da borin kunya, su ƙera sabuwar kalma a inda babu kawai, kuma kowace kalma su gwada ta a kan ɗan aji kafin ta shiga littafi. In ya ji ta ya iya kawo misalinta daga kasuwar garinsu, ta zauna. In ya tsaya yana kallon silin, a koma maƙera.